PSI Nawa Ke Cikin Tayarka? Abin da Ƙaramin Geji Ya Nuna Mini a Yelwa

Akwai wata 'yar fitila ruwan ɗorawa da ta yi watanni tana zuwa tana tafiya a allon gaban direba na motar yayana. Siffarta kamar ƙaramar tukunya ce da alamar motsin rai a tsakiya. Da ta ishe shi, sai ya yanko baƙin tef ya liƙe ta. Motar ta hannu ce, daga Amurka ta fito ta biyo ta Kwatano, kuma wanda ya sayar masa da ita ya ce ai duk haka suke, kada ya damu kansa.

Ni ba makanike ba ne, rubuta manhaja nake yi. Amma a aikinmu idan saƙon kuskure ya fito, mukan je mu ga me ya jawo shi. Ranar da za mu tafi Kontagora ɗaurin aure, bayan sallar asuba, kafin a tayar da motar, na ɗauko wani ƙaramin geji na dijital da na saya don babur ɗina na bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya. Gaba ta dama 47. Gaba ta hagu 44. Baya ta hagu 41. Baya ta dama 22. Takardar da kamfanin motar ya manna a jikin ƙofar direba kuwa 32 ta ce, gaba da baya.

Na ce, “Yaya, zo ka ga wannan.” Ya zo ya sa ƙafa ya bugi tayar, ya ce, “Ai da iskarta.” Kuma a ido gaskiya ya faɗa. Tayoyin zamani suna iya rasa kashi ɗaya cikin huɗu na iskarsu ba tare da ka ga sun kwanta ba. Da wannan tayar muke shirin hawa babbar hanyar A1, mu biyar a ciki, da kaya a but, a cikin watan Afrilu.

Lambar ta mota ce, ba ta taya ba

Kuskuren da ya fi yawa daga nan yake farawa. Idan ka duba gefen tayarka za ka ga an rubuta wata lamba, sau da yawa 44 ko 51 PSI. Mutane da yawa, har da wasu masu faci, suna ɗauka ita ce iskar da za a sa. Ba ita ba ce. Wannan iyaka ce, wato mafi yawan iskar da kamfanin taya ya yarda a sa mata tana sanyi. Kamfanin taya bai san a jikin wace mota za a ɗaura ta ba. Wanda ya san nauyin motar, da yadda ya rabu tsakanin gaba da baya, da yadda birki zai kama, shi ne wanda ya ƙera motar.

Lambar da kake nema tana jikin ginshiƙin ƙofar direba, idan ka buɗe ƙofar za ka ga takardar. A wasu motocin, musamman na Turai, tana bayan murfin tankin mai. Ƙananan motoci yawanci suna tsakanin 30 da 35. Idan an yi wa motar fenti an shafe takardar, nemi littafin motar a intanet da sunanta da shekararta da girman tayar. Da ka samu, ɗauki hotonta ka ajiye a waya.

Za ka iya tarar da awo iri uku. PSI shi ne wanda muka saba da shi a nan. Motocin Turai sukan rubuta bar, na Japan kuma kPa. Bar 1 daidai yake da PSI 14.5, ko kPa 100. Ke nan PSI 32 shi ne bar 2.2, shi ne kPa 220. Ka lura da wannan idan ka sayi geji na dijital, domin maɓalli ɗaya ne ke sauya awon, kuma abu ne mai sauƙi ka ga 2.2 a allo ka zaci tayarka ta sace.

Zafin garinmu, da maganar “rage iska kada ta fashe”

Duk wanda ya zauna a Yelwa ya san Maris da Afrilu. Zafi kan kai digiri 40 a inuwa, kwalta kuwa ta fi haka nesa ba kusa ba. A lokacin ne za ka ji ana ba da shawara a tasha: a rage iska, domin zafi yana kumbura taya. Rabin maganar gaskiya ne. Iska tana ƙara matsi idan ta ɗumama, kusan PSI 1 a kowane ƙarin digiri 5 zuwa 6. Tayar da ka auna 32 da asuba za ta iya nuna 35 da azahar ko motar ba ta motsa ba, idan kuma ka yi tafiyar awa ɗaya ta kai 37 ko 38.

Sai dai masu ƙera motar sun riga sun sa wannan a lissafi. Lambar jikin ƙofa ta taya mai sanyi ce, kuma an san za ta hau idan aka yi tafiya. Taya mai sanyi na nufin motar ta yi aƙalla awa 3 a tsaye, ko ba a tuƙa ta fiye da kilomita ɗaya da rabi ba. Idan ka tsaya a Koko bayan doguwar tafiya, ka auna ka ga 38, ka sace iska ta dawo 32, to gobe da safe 26 ko 27 za ka tarar. Ka mayar da lafiyayyar taya mai ƙarancin iska da hannunka.

Ƙarancin iskar kuwa shi ne ya fi fasa taya a kan gudu. Ga yadda abin yake. Duk zagaye ɗaya, gefen tayar da ke taɓa ƙasa yana lanƙwashewa sannan ya miƙe. Idan iska ta yi ƙasa, lanƙwasar tana ƙaruwa. Ka taɓa karya waya ta ƙarfe ta hanyar lanƙwasa ta gaba da baya? Ka tuna yadda wurin yake zafi kafin ya karye. Haka ke faruwa a cikin taya, sama da sau 800 a minti ɗaya idan kana gudun kilomita 100. Zafin yana raunana roba da wayoyin ƙarfen da ke cikinta har su fara rabuwa. Kwalta mai zafi da lodi su ƙara nasu. Daga nan sai ƙara, sai sitiyari ya ƙwace.

Ba wai iska mai yawa ba ta da nata sharrin ba. Taya mai 47 a inda ake son 32 tsakiyarta kaɗai ke taka ƙasa sosai, don haka tsakiyar ke fara cinyewa, birki ba ya kamawa yadda ya kamata musamman da damina, kuma idan ta faɗa rami ba ta da sassaucin shanye bugun. A nan ne ake samun ƙullutun nan da ke fitowa a gefen taya kamar ƙwai. Motar yayana ta haɗa duka biyun: uku sun yi tauri, ɗaya ta yi laushi, abin da ke sa mota ta ja gefe guda idan aka taka birki da ƙarfi.

A ranar 6 ga Maris, 2016, Ƙaramin Ministan Ƙwadago James Ocholi ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja, bayan tayar baya ta motarsu ta fashe. Babbar jif ce ta minista, ba kurkurar tasha ba.

Sai maganar aljihu. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa duk PSI 1 da tayoyi suka rasa yana ƙara shan mai da kusan kashi 0.2 cikin 100, kuma gyara iska kan iya ceto har kashi 3. Kaɗan ne, na yarda, kada wani ya ce maka zai raba kuɗin manka biyu. Asarar da ta fi ita ce ta tayar kanta, wadda za ta cinye tun lokacinta bai yi ba.

Daga ina fitilar nan ta fito?

A shekarar 2000 Amurka ta shiga wata babbar badaƙala. Tayoyin Firestone da ke jikin motocin Ford Explorer sun riƙa ɓarewa a kan gudu, musamman a jihohi masu zafi, motoci suna kifewa, mutane da yawa suka mutu. A watan Agusta na shekarar kamfanin ya janye tayoyi miliyan 6.5. Cikin abubuwan da aka yi ta jayayya a kai har da iska: Ford ya ce a sa 26, Firestone ya ce 30 ya fi. Majalisar ƙasar ta yi dokar TREAD a shekarar, kuma daga watan Satumba na 2007 ya zama dole duk sabuwar ƙaramar mota a Amurka ta zo da tsarin sa ido kan iskar taya, wanda ake kira TPMS. Tarayyar Turai ta wajabta shi ga duk sababbin motoci daga Nuwamba 2014. Shi ya sa tokumbo da yawa da ke yawo a garuruwanmu suke da wannan fitila.

Tsarin iri biyu ne. Na farko yana da sensa a cikin kowace taya, manne da bawul, da ɗan batirinta. Tana auna matsi ta aika wa kwamfutar mota ta siginar rediyo, a 315 MHz ga yawancin motocin Amurka, 433 MHz ga na Turai. Batirin yakan yi shekara 5 zuwa 10, kuma a rufe yake, idan ya mutu sensar ake canzawa. Na biyu ba shi da sensa a taya. Yana amfani da na'urar birkin ABS wajen ƙirga juyawar kowace taya, domin wadda ta rasa iska takan ɗan ƙanƙance ta riƙa juyawa da sauri fiye da 'yan uwanta. Manhaja ce kawai ke lissafi, don haka dole ka sake saita ta duk lokacin da ka gyara iska.

Karanta fitilar ba wuya. Idan ta kunnu ta tsaya, akwai tayar da iskarta ta yi ƙasa. Idan ta yi ta ƙiftawa na kamar minti ɗaya bayan ka tayar da mota sannan ta tsaya, tsarin ne ke da matsala, galibi batirin sensa ya mutu ko an fasa ta wajen cire taya da ƙarfe.

Amma kada ka miƙa mata wuya gaba ɗaya. A dokar Amurka sai iska ta ragu da kashi 25 cikin 100 ake buƙatar ta kunnu. Ga mai 32, sai ta sauka 24 ke nan. Kuma yawancinsu ba sa cewa komai idan iska ta yi yawa, wanda shi ne ciwonmu a nan.

Ga masu son tone-tone irina: a 2010 masu bincike daga jami'o'in Rutgers da South Carolina sun nuna cewa saƙon da sensar ke aikawa ba a ɓoye shi ba, ana iya kama shi daga nisan kusan mita 40, kuma kowace sensa da lambarta. Yau da ɗan rediyon USB na RTL-SDR da manhajar rtl_433, wadda kyauta ce, za ka iya ganin saƙon sensa iri-iri a allon kwamfutarka. Gwada a motar gidanku, ba ta maƙwabta ba.

Me ya kamata ka saya?

Idan abu ɗaya kaɗai za ka saya, geji ne. Akwai mai kama da biro, akwai mai agogo, akwai na dijital. Na fi son na dijital saboda ba a gardama da lambar da ke allo, amma mai agogo ba ya buƙatar batir. Amfaninsa ba wuya: kwance murfin bawul, danna bakin gejin a miƙe har tsakin iskar ya ɗauke, karanta. Auna sau biyu. Mayar da murfin, domin shi ke hana ƙurar hunturu shiga bawul. Kada ka ajiye na dijital a gaban gilashi rana ta gasa shi. Kuma kada ka manta da safaya. Idan siririyar nan ce ta wucin gadi, yawanci 60 ake sa mata, an rubuta a jikinta.

Na biyu shi ne ƙaramin famfon lantarki. Akwai wanda ake jonawa a soket ɗin mota mai 12V, akwai mai batir da ake caji da USB, irin na Xiaomi da makamantansa. Kana saita lambar da kake so, yana kai wa sai ya tsaya da kansa. Masu batir ɗin sun dace da ciko, daga 27 zuwa 32 misali, da kuma babur. Idan taya ta kwanta gaba ɗaya za su ɗauki lokaci, su yi zafi, cajin ya ƙare da wuri. Mai mota ya fi kyau ya nemi na soket, ya bar injin yana aiki lokacin da yake hurawa. An rubuta 150 PSI a kwalin wasu, kada wannan ya ruɗe ka, abin dubawa shi ne lita nawa yake turawa a minti.

Wurin da famfon ya fi amfani a yankinmu shi ne hanyoyin bakin ruwa. Mai shiga tungayen gaɓar tafkin Kainji, ta wajen Wara a Ngaski ko ƙauyukan Shanga, ya san yashi. A yashi rage iska dabara ce ta gaske, domin tayar tana ƙara shimfiɗa ba ta nutsewa. Matsalar ita ce a fito a hau kwalta a ci gaba da gudu a haka, saboda babu mai faci kusa. Da famfo a but, minti goma ya isa.

Na uku su ne sensa ta Bluetooth guda huɗu da ake ɗaurawa a madadin murfin bawul, suna aika matsi da zafin taya zuwa waya ko wani ɗan allo mai cajin rana. Suna da daɗin sha'ani, musamman ga motar da sensarta ta asali ta mutu, kuma suna yi maka ƙara idan iska ta fara zurarewa kana tafiya. Amma ga abin da masu talla ba sa faɗa. Sensar tana danne allurar bawul a buɗe kullum, don haka ɗan robar da ke cikinta kaɗai ke tare iska, idan ya lalace ita da kanta za ta sace maka taya. Bayan ka ɗaura, shafa ruwan sabulu ka ga ko zai yi kumfa. Nauyinta yana wahalar da tsohon bawul na roba. Ana iya kwance ta a kasuwa, don haka yi amfani da ɗan notin kulle da ke zuwa da ita. Sannan wayoyin Android da yawa suna kashe manhajar da ke aiki a bayan fage don tattalin batir, sai ka shiga saiti ka cire ta daga wannan takura, in ba haka ba ƙararrawar ba za ta buga ba. Saboda wannan dalili ni na fi yarda da mai allonsa daban.

Game da manhajar kanta: idan ta nemi izinin sanin wurin da kake, ba lallai leƙen asiri ba ne, domin kafin Android 12 sai da wannan izini ake neman na'urar Bluetooth da ke kusa. Amma idan ta nemi lambobin wayarka ko saƙonninka, goge ta. Duk manhajar da ta ce za ta auna iskar taya da kyamara ko ta ɗora waya a jikin taya, ba tare da sensa ba, wasa ce ko tarkon talla. Wasu wayoyi suna da ma'aunin matsin iska, amma iskar sararin da ke kewaye da kai yake aunawa.

A wajen mai faci

Ba na cikin masu ɗora wa masu faci laifin komai. Gejin mutum yana faɗuwa ƙasa sau goma a rana, babu inda zai kai a daidaita masa shi. Kuma abokan cinikinsa na kullum direbobin haya ne masu lodin albasa, shinkafa da busasshen kifi daga kasuwar Yauri, waɗanda da kansu suke cewa a ƙara. Suna da hujja, domin lodi yana buƙatar ƙarin iska, kuma takardar motoci da yawa tana da lamba biyu, ta mutum biyu ko uku da ta cikakken lodi. Sai dai iska ba ta ƙara wa taya ƙarfin da ba a yi ta da shi ba. Idan ka ga 195/65 R15 91H a gefen taya, 91 ɗin nan na nufin kilo 615 ne iyakar abin da za ta ɗauka. Huɗu sun zama kilo 2,460, har da nauyin motar kanta.

Da muka je da safen nan, dattijon ya jawo tiyo ya ce, “Arba'in ko hamsin?” Na ce, “Baba, don Allah talatin da biyu za ku sa, ga nawa gejin mu gwada tare.” Ya dube ni, ya dubi abin, ya yi dariya ya ce, “Yaran zamani.” Da muka gwada, nasa yana nuna ƙasa da nawa da kusan 5, wato idan ya sa 40 a ganinsa, 45 ya sa. Bai ji haushi ba. Ya ce in na samu wani in kawo masa.

Tunda ka durƙusa a gaban tayar, duba shekarunta. Bayan haruffan DOT akwai lambobi huɗu a ƙarshe: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2321 na nufin mako na 23 na 2021. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta daɗe tana gargaɗi kan tsofaffin tayoyi da na hannu, kuma roba tana tsufa ko zanenta bai cinye ba. Mai babur shi ma ya nemi tasa lambar a littafin mashin ko takardar da ke kusa da sarƙa. Ta gaba daban, ta baya daban, kuma ta baya takan ƙaru idan akwai goyo.

Tayar baya ta dama da ta nuna 22, da Baba ya tsoma ta a ruwa, sai ga kumfa na fita daga gindin wata 'yar ƙusa da kanta ya riga ya cinye. Ita ce ke sace iskar a hankali, ita ce ke kunna fitilar duk bayan mako biyu. Aka yi faci, aka mayar da duka huɗun 32, yaya ya ɓare tef ɗinsa. Ba mu yi nisa da gari ba fitilar ta mutu.

Ko babu ƙusa, taya lafiyayya tana rasa PSI 1 zuwa 2 a wata ta jikin robar. Don haka na sa masa tunatarwa a kalandar wayarsa: Asabar ta farko a kowane wata, da safe kafin a tayar da mota, da kuma duk ranar doguwar tafiya. Na ƙara wata a farkon Disamba, domin idan sanyin hunturu ya sauka, iskar da aka sa da rana a Oktoba za ta nuna ƙasa da 3 ko 4 da asuba.